Waiwaye: 'Yan Kalare da Tambayar Wa Ke Riƙe da Linzamin Tsaro a Gombe

Duk wanda ya zauna a cikin garin Gombe tsakanin 2003 da 2011 ya san wata ƙara da ba ya fatan sake ji, ƙarar adda ana jan ta a kan kwalta. Ba a jiran a ga masu ita. Da an jiyo daga bakin layi, mai shago zai ja ƙofarsa, mata su yi ta ƙwala wa yara kira ɗaya bayan ɗaya, mai shayi ya bar tukunyarsa a kan wuta. Wani ya ce, "Ga su nan," kuma ba wanda zai tambaya su wa. Su wuce su ashirin ko talatin, wasu ko gemu bai fito musu ba, idanu jajir, kowa da gora ko gariyo ko barandami. Sai sun yi nisa sannan a soma leƙowa ana tambayar wa aka sara.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, sunan Kalare, wato gungun samarin nan masu adda, bai bar bakin mutanen Gombe ba. Yakan lafa, ya sake tashi, ya sauya kama daga bangar siyasa zuwa faɗan unguwa, daga faɗan unguwa zuwa ƙwacen waya. Abin da bai taɓa sauyawa ba shi ne maganar da ke biyo bayan kowace gawa. Gwamnatin jiha ta ce 'yan sanda ba a hannunta suke ba, na Abuja ne. 'Yan sanda su ce sun kama, amma manya sun sa an saki. Manyan su ce laifin iyaye ne da suka haifa ba su tarbiyyantar ba. Iyaye su ɗaga hannu sama su ce Allah ya isa. A cikin kowace magana akwai gaskiya, shi ya sa aka daɗe ana zagaye wuri guda. In ana son a gane yadda alhaki ya rarrabu har ya rasa mai ɗauka, sai an koma baya, tun kafin a haifi yaran nan da iyayensu.

Zamanin da ɗan doka ya san sunan ubanka

Kafin zuwan Turawa, tsaron gari a masarautar da Modibbo Bubayero ya kafa a farkon ƙarni na 19 yana hannun sarki ne, kamar sauran masarautun daular Usmaniyya. Dogarai ke kamo mai laifi, alƙali ya yi hukunci. Da Turawa suka ci ƙasar ba su rushe wannan ba, sai suka ɗora mulkinsu a kai. Aka kira shi mulkin En'e, wato hukumar gargajiya, aka yi masa baitulmali da kotun alƙali da gidan yari, sannan daga shekarun 1920 aka soma fitar da 'yan doka masu kaki da horo daga cikin tsarin dogarai. A 1930 aka haɗe rundunar arewa da ta kudu aka kafa 'yan sandan Nijeriya, amma su aikinsu ya fi yawa a barikin Turawa da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Cikin gari na ɗan doka ne.

Ƙarfin wannan tsari ba a kulki yake ba, a sani yake. Ɗan doka ɗan gari ne. Mai unguwa ya san kowane gida, ya san baƙon da ya sauka da wanda ya sauke shi. In yaro ya fara kangarewa, labarinsa zai je wurin mai unguwa, daga nan ga dagaci ko hakimi, kuma ubansa ne za a fara kira kafin shi. Tsofaffin Gombe har gobe suna ba da wannan labari da kewa, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai dai kewa ba za ta hana a faɗi ɗaya ɓangaren ba. Da siyasar jam'iyyu ta shigo a shekarun 1950, ɗan doka da alƙali da gidan yari duk suna ƙarƙashin En'e, En'e kuwa tana tare da jam'iyyar NPC. 'Yan NEPU a faɗin Arewa sun sha ɗauri da bulala a kan laifin da bai wuce yin taro babu izini ko faɗin magana a kan hakimi ba. A zamanin ne kuma jam'iyyu suka fara tara ƙarti masu raka 'yan takara da tarwatsa taron abokan hamayya, waɗanda aka sa wa suna 'yan banga. Hukumar Willink, da Turawa suka kafa a 1957 don sauraron koken ƙananan ƙabilu, ta ji ƙorafi mai yawa a kan yadda masu mulkin yankuna ke juya 'yan sandan gargajiya, ta kuma karkata ga a ƙarfafa rundunar tarayya. Bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin Ironsi ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gobir ya duba makomar 'yan doka da gidajen yarin En'e. Shawarar ita ce a haɗe su da na tarayya, kuma gwamnatin Gowon ta aiwatar a ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Kotunan alƙalai suka koma hannun gwamnatin jiha. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa zare sarakuna daga ikon zartarwa. Tsarin mulkin 1979 ya rubuta cewa rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasa, na 1999 ya maimaita.

An yi wannan ne don a tsare talaka daga zaluncin mai mulkin da ke kusa da shi, kuma dalili ne mai ƙarfi. Abin da ba a yi ba shi ne cike gurbin da aka bari. Mai unguwa ya zauna da sani babu iko. Ɗan sanda ya zo da iko babu sani, don sau da yawa daga wata jiha aka turo shi, bai san layukan Herwagana ba balle ya san ɗan wa ke kwana a kango. A wannan rata ne Kalare suka girma.

Gari ya fi ƙarfin rigarsa

Gombe ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Katsina. Sai a 1919 aka dawo da hedikwatar masarauta nan, bayan ta zauna a Gombe Abba da Nafaɗa. Auduga da gyaɗa da hanyar jirgin ƙasa da ta iso a farkon shekarun 1960 suka mai da shi kasuwa, har yau akwai unguwar da ake kira BCGA da sunan kamfanin gurzar auduga. Ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire jihar Gombe daga Bauchi, garin ya wayi gari yana babban birnin jiha. Ma'aikata suka dawo, 'yan kwangila suka biyo su, mutanen karkara suka yi ta kwarara. Bolari da Pantami da Jekadafari da Kumbiya-Kumbiya suka cika suka batse, sababbin unguwanni suka tsiro a gefen kwari babu makaranta babu ofishin 'yan sanda. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum sama da miliyan 2.3, kuma mafi yawansu yara ne da matasa. A daidai lokacin kuwa auduga ta riga ta faɗi, jirgin ƙasa ya daina zuwa, masana'antun da za su ɗebi samari ba su zo ba.

Labarin da ya fi yawo a bakin mutanen gari shi ne Kalare sunan wani shahararren mafarauci ne, samari masu sha'awar farauta suka riƙa kiran kansu da shi. Farauta tsohuwar al'ada ce, tana da sarki da ƙa'ida. Da rani ake fita daji da karnuka da gora da adda, a kwana biyu ko uku, a dawo gari ana kiɗa ana kirari. Kowace unguwa da ƙungiyarta, kuma ba a rasa 'yar tsama a kan wa ya fara jifan zomo. Abin da ɗan siyasa ke nema duk yana nan a haɗe: samari masu ƙarfi, masu makami, masu shugaba da ake jin maganarsa, waɗanda ba su da abin yi tsakanin rani da rani. Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, bai sha wahalar gano su ba.

Zaɓen 2003 ne ya fito da su fili. A shekarar ce Muhammad Danjuma Goje na PDP ya kayar da gwamna mai ci Abubakar Habu Hashidu, a fafatawar da ta yi zafi ƙwarai. Aka gama zaɓe, yaran ba su koma daji ba. Sun ɗanɗani kuɗin da ake samu a yini ɗaya, sun ga cewa in kana da uban gida ko an kama ka ba za ka kwana biyu a rufe ba. Addar da aka wasa don abokin hamayya ta koma kan mai shago da ɗan acaɓa da budurwar da ta ƙi kula wani.

A watan Oktoba 2007 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan tashin hankalin siyasa a Nijeriya, ta ware wa Gombe babi guda. A ciki ta kawo ƙididdigar da ƙungiyar dattawan Gombe ta sa likitoci suka tattara, cewa aƙalla mutum 115 aka kashe a rikicin Kalare daga Disamba 2003 zuwa Afrilu 2007, ban da waɗanda aka raunata. Rahoton ya nuna cewa jam'iyya mai mulki da 'yan hamayya duka sun yi amfani da yaran, ko da yake ya fi ɗora nauyi a kan masu riƙe da gwamnati, ya kuma kawo koken jama'a cewa 'yan sanda ba sa iya taɓa masu uwa a gindin murhu. Ina son mai karatu ya tsaya a kan adadin nan. Mutum 115 a cikin shekara uku da 'yan watanni, a jihar da ba a yaƙi, shekaru kafin a ji ƙarar bam ko ɗaya a yankin. Waɗanda suka tattara shi kuwa ba hukuma ba ce, dattawa ne da likitoci da abin ya ishe su.

Abin da tsarin mulki ya ce, da abin da ake fakewa da shi

Uzurin da kowane gwamna a Nijeriya ke bayarwa yana da tushe. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya hana a kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya. Sashe na 215 ya ba gwamna damar ya ba kwamishinan 'yan sanda umarni a kan zaman lafiyar jiharsa, amma ya bar wa kwamishina ƙofa: kafin ya aiwatar yana iya neman a kai maganar ga shugaban ƙasa ko ministan da ya wakilta. Ba gwamna ke naɗa kwamishina ba, ba shi ke ɗauke shi ba, ba shi ke biyan albashinsa ko ƙara masa girma ba. Akwai majalisar 'yan sanda ta ƙasa da duk gwamnoni ke ciki, amma an fi ganin zamanta idan za a tabbatar da sabon Sufeto Janar. Rundunar kanta ba ta kai yawan da ake buƙata ba, an daɗe ana ambaton kimanin 370,000 ga al'ummar da ta haura miliyan 200. A 2018 Mike Okiro, shugaban hukumar kula da aikin 'yan sanda a lokacin, ya ce sama da 150,000 daga cikinsu suna gadin manyan mutane ne. Kusan kowane sabon Sufeto Janar sai ya ba da umarnin a janye su, su kuma koma.

Wannan rabin gaskiyar ke nan, kuma a nan ake son a tsayar da magana. Ɗaya rabin shi ne, ɗan sanda kamu kawai yake yi. Abin da ke gaban kamu da abin da ke bayansa kusan duk na jiha ne. Makarantar firamare da sakandare da yaron ya bari, ta jiha ce da ƙaramar hukuma. Dokar da za a tuhume shi da ita ta jiha ce. Kotun majistare da babbar kotu na jiha ne. Babban lauyan gwamnatin jiha, wanda gwamna ke naɗawa, shi sashe na 211 ya ba ikon shigar da ƙara, da karɓe ta daga hannun wani, da janye ta gaba ɗaya. Gidan gyaran tarbiyyar yara na ma'aikatar jiha ne. Motocin sintiri da man da ake zuba musu ma, a aikace, gwamnoni ke saye, kuma wanda ke ciyar da doki ba a ce ba ya da ta cewa a kan inda zai nufa. Sannan ga kuɗin tsaro da ake ware wa gwamnoni ba tare da bin diddigi ba, wanda ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa a duk ƙasa yana kai dala miliyan 670 a shekara. Mai wannan duka a hannunsa ba zai ce shi ɗan kallo ba ne. Kuma wayar da ake bugawa ofishin 'yan sanda da daddare a ce a saki yaro, ba daga Abuja ake buga ta ba.

Ita ma tarayya ba ta fita ba. Gidajen horon kangararrun matasa nata guda uku ne da aka sani, a Kaduna da Ilori da Abekuta, babu ko ɗaya a arewa maso gabas. Don haka yaro ɗan shekara goma sha shida da aka kama da wuƙa a Gombe hanya biyu ce a gabansa: ko a sake shi ya koma majalisarsu yana taƙama, ko a jefa shi gidan yari cikin manyan 'yan fashi ya zauna jiran shari'a, ya fito ya fi yadda ya shiga.

Daga haramci zuwa kaki

Da Ibrahim Hassan Dankwambo ya hau mulki a 2011, cikin abubuwan da ya fara yi har da haramta Kalare. Garin ya yi ajiyar zuciya. Gwamnatinsa ta ɗebi sama da matasa dubu ta kai su sansani, aka yi musu horo, aka sa musu kaki, aka rarraba su aikin kula da zirga-zirgar ababen hawa da tsaftar gari da tsaron unguwanni. Mutane suka riƙa kiran su mashal. Na ga amfanin wannan da idona, kuma zalunci ne a ce bai yi komai ba. Yaron da jiya ake gudu in an hango shi, yau ga shi a tsakiyar titi yana ba mota hannu, ƙarshen wata ya kai wa uwarsa ɗan abin cefane. Abu guda ya nuna ƙarara: ranar da mai mulki ya ce a daina, an daina, ba tare da an gyara harafi ɗaya na tsarin mulki ba.

Amma shirin yana da rami biyu. Na farko, an yafe ba tare da an yi shari'a ba. Iyalan waɗanda aka kashe ba su ga an gurfanar da masu ɗaukar nauyin kisan ba, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, a nan ma kurar ba ta sha bugun ba. Na biyu, an ɗauki waɗanda suka riga suka yi suna, aka bar ƙannensu da ke tasowa. Darasin da ƙaramin yaro ya koya shi ne, in kana son gwamnati ta san da kai, sai ka zama abin tsoro.

Sai kuma ga Boko Haram. A 2014 da 2015 bama-bamai suka tashi a tashoshin mota da kasuwar Gombe, a watan Fabrairu 2015 mayaƙan suka kutso har cikin gari. Hankalin jami'an tsaro duka ya koma can, kuma dole ne. Dubban mutane daga Borno da Yobe da Adamawa suka sami mafaka a Gombe, garin ya karɓe su hannu bibbiyu, amma ajin da ke ɗaukar yara sittin ya koma ɗaukar ɗari. A shekarun ne kuma ƙwaya ta sauya fuska. Da wiwi ne da sholisho, sai ga tiramol da kodin a kowane lungu. A watan Mayu 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, kuma Gombe na cikin jihohin da suka zarce matsakaicin ƙasa. Sabon ɗan Kalare bai san farauta ba, bai ma damu da jam'iyya ba. Abin da yake nema kuɗin ƙwayar dare, wayar hannunka kuwa ita ce kuɗin da ya fi kusa.

A irin wannan ne aka tare ƙanena wani dare bayan isha'i, taku kaɗan daga ƙofar gida. Su uku ne. Ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa, addar ta sauka a tsintsiyar hannun. Bayan an ɗinke shi muka tafi ofishin 'yan sanda. Babu wuta, wanda ke kan kanta da fitilar wayarsa yake rubutu, a takardar da mu muka sayo. Ya ɗago ya ce, "Malam, kun san su?" Muka ce duk layin an san su. Ya ce mota tana nan amma babu mai. Muka ba da kuɗin mai. Gaskiya sun yi ƙoƙari, kwana biyu suka kamo ɗaya. Kwana shida bayan nan na gan shi zaune a kan dakalin da ya saba zama, yana kallona ina kallonsa. Na koma na tambayi jami'in nan yadda aka yi. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Mu ma haƙurin muke yi." Har yau yatsu biyu na ƙanena ba sa lanƙwasuwa.

Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya, da ya hau a 2019, ya zo da nasa tsarin. Ya kafa ma'aikatar tsaron cikin gida, ya kafa rundunar GOSTEC ta tsaro da kula da hanya da muhalli, daga baya aka ƙaddamar da sintirin haɗin gwiwa mai suna Hattara. Duk da haka a watan Nuwamba 2021, ranar da Sanata Goje ya shigo gari, aka yi arangama a kan hanyar shigowa daga filin jirgi tsakanin matasan ɓangarorin biyu, aka rasa rayuka, kowane ɓangare ya ɗora wa ɗaya laifi. A lokacin duka biyun jam'iyyarsu ɗaya, APC. Wanda ya ɗauka an rufe babin bangar siyasa a 2011, ranar ya gane ajiye ta aka yi.

Yanzu maganar da ke bakin kowa ita ce 'yan sandan jiha. Jihohin Yarbawa sun kafa Amotekun a 2020, Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024, kuma a watan Fabrairu 2024 Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni suka amince a duba yiwuwar gyara tsarin mulki. Hujjar masu so a bayyane take, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma in linzami ya dawo hannun gwamna ba shi da sauran wurin fakewa. Ni ma na karkata can. Amma ɗan Gombe yana da dalilin fargaba fiye da kowa, don ya ga abin da masu mulki suka yi da yara masu adda tun ba su da izinin riƙe runduna. In za a yi, tambayoyin da ya kamata a amsa tun kafin a ɗinka kaki su ne wa zai ɗauki ma'aikata, wa zai iya korar kwamishina, ina talaka zai kai ƙara in an zalunce shi, kuma me zai hana jerin sunayen sababbin 'yan sanda ya fito daga aljihun shugaban matasan jam'iyya. Kakanninmu sun rushe 'yan doka a kan wannan matsalar, ba don ba su san amfaninsu ba.

A tsakiyar 2025, bayan wasu kashe-kashe da ƙwacen waya da suka tayar da hankalin gari, rundunar 'yan sandan jihar ta hana hawa babur daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Na fahimci dalilin, da babur ake zuwa a yi ɓarna a gudu. Amma akwai wani yaro a unguwarmu da na sani tun yana rarrafe. Ya yi Kalare shekara huɗu, akwai tabo daga kunnensa zuwa haɓa. Kawunsa ne ya tsaya masa aka ba shi babur biya a hankali, ya yi aure, ya sami 'ya mace. Cinikinsa mafi tsoka daga magariba ne zuwa goma na dare, lokacin da 'yan kasuwa ke tashi. A makonnin dokar na same shi da yamma yana goge babur ɗin a ƙofar gida, ya ce mini kuɗin da yake kai wa mai babur kowane mako ya gagara har sau biyu.

Na ce, "To yanzu ya za ka yi?"

Ya ce, "Baba, wallahi ban sani ba." Ya ci gaba da goge tankin. Can ya ƙara da cewa tsofaffin abokansa sun zo nemansa shekaranjiya, wai an fara kiran taro saboda zaɓen 2027, kuma an ce kowa ya zo da yaransa.